Me ya sa Iraniyawa ke cewa "malam sun zo" alhali mutum ɗaya ne?

Tambaya: Wata huɗu ke nan da na fara koyon Farisanci, ina shirin tafiya karatu Iran. A littafi an koya mana cewa *u* shi ne "shi" ko "ita", *âmad* "ya zo", *âmadand* kuma "sun zo". To sai na ji a wani shiri ana cewa *ostâd âmadand*, na zuba ido in ga ayarin malamai, sai ga mutum ɗaya tal ya shigo. Na kuma ga an nuna mace guda ana ce mata *ishân*, wanda ƙamus ya ce "su" ne. Kuskuren masu maganar ne, ko akwai ƙa'idar da ban sani ba? Kuma yaya zan yi zancen babba a bayan idonsa ba tare da na yi rashin ladabi ba?

Amsa: Babu kuskure a nan, ɗan'uwa, kunnenka ma ya yi ƙoƙari da ya kama wannan a wata huɗu. Jam'in girmamawa ka ji, kuma kai Bahaushe ba baƙonsa ba ne. Almajiri yakan leƙa zaure ya ce "Malam sun fito?", a wasu gidaje kuma yaro ba ya cewa "Baba ya ce" sai dai "Baba sun ce". Abin da ya raba mu da su shi ne, a wurinmu tarbiyyar gida ce, wani ya yi wani ya bari ba wanda zai ɗaga kai. A Farisancin Iran kuwa abin ya shiga cikin ƙashin nahawu. Idan ka bar shi a inda ake jiransa, kowa zai ji giɓin, kamar ka shiga taro ba sallama.

Zan rubuta kalmomin da boko. Inda ka ga â, wasali ne mai tsawo da ke tsakanin a da o. Kh ita ce خ, q kuma ق ce, wadda mutanen Tehran ke furtawa kusa da غ.

Aikatau na Farisanci a ƙeyarsa yake goyon mai aikin: *âmadam* na zo, *âmadi* ka zo ko kin zo, *âmad* ya zo ko ta zo, *âmadim* mun zo, *âmadid* kun zo, *âmadand* sun zo. Ladabi bai ƙirƙiro wata sabuwar ɗafa-ƙeya ba, ta jam'i ya ara. Wanda ke gabanka ka ba shi *shomâ*, wato "ku", da *-id*, wanda kake zancensa ka ba shi *ishân* da *-and*. A maganar baka ta Tehran *-and* kan gajarce ta zama *-an*, â kuma kan koma u a gaban n ko m, shi ya sa a titi *ostâd umadan* za ka ji, da *ishun goftan* "sun ce". Wannan 'yar *-an* ɗin, wadda baƙo kan haɗiye ba tare da ya lura ba, ita ce rabin ladabin harshen.

Akwai wani abu da littattafan koyo ke ambata a wani babi dabam, ba su haɗa shi da wannan ba, ni kuwa ina ganin tushensu ɗaya. A Farisanci, abubuwa marasa rai ko sun kai dubu ana iya ba su aikatau na tilo: *barg-hâ rikht*, kalma da kalma "ganyaye ya zuba", kuma daidai ne. Amma yara biyu kacal dole ka ce *bachche-hâ âmadand*. Ka ga tsanin: tarin kaya ya iya zama da tilo, mutane sai jam'i, mutum ɗaya mai daraja shi ma jam'i. Ashe jam'i a wannan harshe nauyi yake aunawa, ƙidaya aikinsa na biyu ne.

Mu koma kan *ishân* (ایشان). Ƙamus ɗinka bai yi ƙarya ba, tsohon labari ya ba ka. A Farisancin littattafan da, *ishân* "su" ne kawai, ba ruwansa da daraja. Idan ka buɗe tsohuwar fassarar Alƙur'ani ka ga ana ce wa Fir'auna da rundunarsa *ishân*, kada ka ɗauka ana cire musu hula ne. A hankali kalmar ta koma ta manya, sai *ânhâ*, wato *ân* "wancan" da alamar jam'i *hâ*, ta karɓi aikin "su" na yau da kullum. Yau a Iran idan ka ji *ishun*, kusan kullum mutum ɗaya ake nufi. Kuma ka tuna Farisanci ba ya rarrabe namiji da mace: ba shi da "shi" da "ita", ba shi da "kai" da "ke". Wahalar da Ba'iraniye ke sha wajen koyon jinsi a Hausa ita kai za ka sha wajen koyon matsayi a harshensa.

*U* ɗin da aka koya muku ma ba za ka cika jin sa a baki ba, ya fi zama a rubutu. A hira *un* ake cewa, asalinsa "wancan", kuma yana aiki ga mutum da akuya da kujera. Tsakanin abokai ba laifi. Amma ka nuna mutum yana tsaye a wurin ka ce *in*, "wannan", raini ne tsagwaronsa. Har suna da amsar da suke mayarwa: *in be derakht migan*, "itace ake ce wa wannan". Don haka idan za ka gabatar da wani, ko sa'anka ne, *ishun* za ka ce: *Ishun dustam hastan*, "su abokina ne". 'Yan jarida suna da nasu wakilin sunan, *vey*, wanda ba ya ɗaukaka ba ya ƙasƙantarwa, kuma ba wanda ke faɗinsa a gida. Takardun kotu da na 'yan sanda kan ce *nâmborde*, "wanda aka ambaci sunansa". Can ƙasan tsanin akwai *yâru*, kamar mu ce "gayen nan" cikin wulaƙanci. Idan kuma ba ka son faɗin suna, ko kana tausayin mutum, sai ka ce *bande-ye khodâ*. Fassara shi ka ji: bawan Allah. *Ye bande khodâyi* "wani bawan Allah" ne sak, har da ɗan tausayin da ke cikinsa.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ƙananan lamiran da ke liƙe a jikin kalma. "Littafinsa" *ketâbesh* ne, na babba kuwa *ketâbeshun*. "Na gaya masa" *behesh goftam*, ga babba *beheshun goftam*. "Shi da kansa" *khodesh*, ga babba *khodeshun*. Sai ka ji ɗalibi ya fara jimla da *ishun*, ya yi kyau, kafin ya kai ƙarshe ya ce *behesh*. Kamar ka sa wa mutum babbar riga ne ka bar shi da silifa na wanka. In ka fara da jam'i ka ƙare da jam'i.

Wannan shi ne ɓangaren nahawu zalla, kuma bai wuce abin da za ka ƙware a mako biyu ba. Mai ɗaukar lokaci shi ne ɗaya ɓangaren, inda ake sauya aikatau ɗin gaba ɗaya. Manyan ayyukan yau da kullum, zuwa da tafiya da faɗa da ci da bayarwa da gani, kowanne yana da hawa uku: na tsaka-tsaki, na ɗaga wani, da na sauke kai. Wannan yana cikin abin da suke kira *ta'ârof*, kalmar Larabci ce daga tushen sanin juna, kuma ya wuce nahawu ya shiga ciniki da karɓar baƙo da wa zai fara shiga ƙofa.

Ɗauki *âmadan*, zuwa. Babba ba ya zuwa haka kawai, *tashrif miâvarand*, wato suna kawo daraja. Tushen kalmar ɗaya da "sharifi" da ka sani. Idan zai tafi, *tashrif mibarand*, suna tafiya da darajar. Idan yana nan zaune, *tashrif dârand*. Ka je asibiti ka tambayi mai karɓar baƙi *Âqâ-ye doktor tashrif dârand?*, ta ce maka *Na kheyr, tashrif bordand*, ka san likita ya fita. Kai kuwa in za ka je wurin babba, *khedmat miresam* za ka ce, "zan iso hidima", domin *khedmat* ita ce hidimarmu. In za ka tashi daga gidan mutane ka ce *raf'-e zahmat mikonam*, "bari in ɗauke muku wahala".

A nan na taɓa yin katoɓarar da har yau in na tuna sai na ji kunya. Shekarata ta farko ce. Malaminmu na nahawu, dattijo ne da ba ya ɗaga murya, ya tsayar da ni a bakin aji ya ce in same shi ofis washegari. Kwana biyu ke nan da na haddace *tashrif*, bakina yana ƙaiƙayi in gwada ta. Na dafa ƙirji na ce: *Chashm ostâd, fardâ tashrif miâvaram*. Wato "To malam, gobe zan kawo darajata." Ya cire tabarau, ya dube ni, ya ɗan rusuna, ya ce *Qadametun ru-ye cheshm*, "sawunku a kan idona", maganar da ake tarbar babban baƙo da ita. Wasu ɗalibai Iraniyawa biyu da ke jiransa suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Bai gyara mini ba a lokacin. Washegari da na ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙe tsaye ya ce wa abokin aikinsa a ba ni wuri, manya sun iso. Sai da na sha shayi sannan ya rubuta mini *khedmat residan* a 'yar takarda. Da na ce *miâyam* kawai, "zan zo", da ba wanda zai lura. Rashin kalmar girmamawa ƙaramin laifi ne ga baƙo, amma ka ɗora ta a kanka, wannan shi ne abin dariya.

Abin sha'awa, daga wannan tushen akwai wata kalma da ya halatta ka faɗa wa kanka: *mosharraf shodam*, "an ɗaukaka ni", wadda mai zuwa Makka ko Mashhad ko Karbala ke faɗa. A nan wurin ne ya ba ka daraja, ba kai ka kai masa ba.

Faɗar magana ta fi kowanne yawan amfani. Tsaka-tsaki *goftan*. Babba *farmudand*, asalin ma'anarta "sun ba da umarni", 'yar'uwar *farmân* ce, wato dokar sarki. Kai kuma *arz kardam*, "na gabatar", kamar mai kai koke fada. Saboda haka hira ɗaya tsakaninka da malami za ka ba da labarinta da aikatau biyu: *Ostâd farmudand ke..., man ham khedmateshun arz kardam ke...* Har wajen sallama ana wasa da su. Wani ya ce *Amri nadârid?*, "ba ku da wani umarni?", ɗayan ya ce *Arzi nist*, "babu wani koke". Kowa ya tura ɗan'uwansa sama ya ja kansa ƙasa, an rabu lafiya.

*Farmudan* tana da wani aiki da ya sa ta zama mabuɗi. Yawancin aikatau na Farisanci harɗaɗɗu ne, wato kalmar suna ce haɗe da ƙaramin aikatau irin su *kardan* "yi", kamar yadda muke cewa yi magana, yi barci, yi haƙuri. To a wurare da yawa inda *kardan* take, kana iya cire ta ka sa *farmudan* idan babba ne mai aikin: *sohbat kardand* "sun yi magana" ya zama *sohbat farmudand*, *emzâ kardand* "sun sa hannu" ya zama *emzâ farmudand*. Umarninta kuma, *befarmâid*, ita ce kalmar da za ka fi ji a Iran daga filin jirgi har ɗakin kwananka. Shigo, zauna, ci, karɓa, faɗi abin da ke tafe da kai, duk *befarmâid* ne. Ban taɓa samun fassarar da ta dace da ita kamar "bismillah" ɗinmu ba.

Sauran ba sai na ja su ba. Babba ba ya *khordan* "ci", *meyl mikonand*. In an yi maka tayi ka riga ka ci, ka ce *sarf shode*, "an riga an yi", ba ka ma ambaci kanka ba. Abin da babba ya ba ka *lotf kardand* ko *marhamat kardand*, abin da kai ka ba shi *taqdim kardam*. Ganinsa da ka yi ziyara ce, *ziyârateshun kardam*, ko a layin burodi kuka haɗu. Ba a cewa ba shi da lafiya da kalmar *mariz*, sai *kesâlat dârand*, suna da 'yar kasala. Ka lura kusan duk kalmomin hawa na sama da na ƙasa daga Larabci aka aro su, na tsakiya kuma Farisanci ne na asali. Wanda ya yi makarantar allo da ta ilimi ya riga ya san rabinsu. (Aron ma ba hanya ɗaya ya bi ba: "ustaz" da muke kiran malaman Islamiyya asalinsa *ostâd* ne na Farisanci, ta hannun Larabawa ya iso mana.)

Yanzu ga ainihin tambayarka ta biyu. Duk lokacin da za ka yi zancen wanda ba ya nan, mutum uku ne a lissafi: kai, da shi, da wanda kake gaya wa. Na ukun nan shi ake mantawa, alhali sau da yawa shi ke yanke hukunci. Malami ɗaya ne, amma a ɗakin kwanan ɗalibai za ka ji *ostâd goft*, ba wanda zai ce an yi rashin kunya. A gaban wanda ba ka saba da shi ba, *ostâd goftan*. A gaban wani malamin ko shugaban sashe, *ostâd farmudand*. In ka ce *farmudand* a tsakiyar abokai ana cin ƙwai da burodi, za su ɗauka ba'a kake yi, ko kana neman gindin zama.

Duk abin da ya jiɓinci wanda kake magana da shi ɗaga shi ake yi, komai ƙanƙantarsa. Yaro ɗan shekara uku yana wasa a ƙasa, za ka tambayi ubansa *Âqâ pesaretun chand sâleshune?*, "maigirma ɗanku shekarunsu nawa?" Uban kake girmamawa ta kan yaron. 'Yarsa *dokhtar khânom* ce. A tsohon salo ɗansa *âqâzâde* ne, "ɗan maigida", naka kuma *bandezâde*, "ɗan bawa", domin *bande* ita ce "ni" ta mai sauke kai. Gidansa *dowlat-sarâ*, naka *bande-manzel*. Dattawa, musamman a da'irar malaman addini, har yanzu suna cewa *abavi* uba, *vâlede* uwa, *akhavi* ɗan'uwa, *hamshire* 'yar'uwa. In Ƙum za ka, birnin malaman addini, za ka ji su. Sai dai ka yi hattara da *âqâzâde*. A 'yan shekarun nan kalmar ta sami wata ma'ana a jaridu da bakin talakawa: 'ya'yan manya da suka yi kuɗi da sunan iyayensu. Ka faɗe ta a inda bai dace ba, yabo ya koma habaici.

Iyayenka kuwa ba a sauke su don a faranta wa baƙo. *Pedaram goftand*, *mâmânam goftan*, duka daidai ne a gaban kowa. 'Ya'yanka da ƙannenka su ne ke zama a tilo.

Zancen mata da miji ya fi ba ni sha'awa, don a nan ne na ga alkunya irin tamu. Mutanen da ba sa faɗin sunan matansu a gaban wanda ba muharrami ba. Sukan ce *manzel*, "gida", ko *ayâl*, wadda ita ce "iyali" ɗinmu harafi da harafi, ko *mâdar-e bachche-hâ*, uwar yara. Mace kuma ta ce *âqâmun*, maigidanmu. Matasan birni yanzu suna jin *manzel* da *ayâl* kamar kayan gidan tarihi, wasu matan ma haushinsu suke ji. Wadda ba ta da matsala ita ce *hamsar*, tana aiki ga miji da mata, ko *khânometun* ga matar wani. Amma in ka cire wannan, hanyarsu ta bambanta da tamu. Mu mukan ɓoye suna: uwa ba ta kiran ɗan fari, yaron da ya ci sunan kaka ya koma Abba ko Ummi. Su suna faɗin sunan, abin da ba sa yi shi ne barinsa tsirara.

Suturar suna ita ce *âqâ* ga namiji, *khânom* ga mace, kuma inda ka ajiye ta yana da ma'ana. A gaban sunan dangi, da 'yar mahaɗar nan *-e* ko *-ye* da ake kira *ezâfe*, wadda aikinta ya yi kama da -n da -r a "gidan Audu" da "motar Audu", magana ce ta ofis: *Âqâ-ye Ahmadi*, *Khânom-e Ahmadi*. A bayan sunan yanka kuwa girmamawa ce mai haɗe da sabo: *Ali âqâ* mai shagon unguwa, *Maryam khânom* maƙwabciya. *Jân* ko *jun*, "rai", ta ƙauna ce. A wasiƙa sai a jera su kamar raƙuma: *Jenâb-e âqâ-ye doktor* wane, *Sarkâr-e khânom-e mohandes* wance. Suna son *doktor* da *mohandes* kamar yadda muke son Dakta da Injiniya, *hâj âqâ* da *hâj khânom* kuma sun wuce wanda ya sauke farali, sun zama abin kiran dattijo ko malamin addini.

Wannan ma saura ne. A zamanin sarakunan Ƙajar laƙabi kasuwa ce guda. *Mirzâ* a bayan suna ɗan sarki ne, kamar Abbas Mirza, yarima mai jiran gado da ya rasu a 1833. A gaban suna kuwa ma'aikacin alƙalami ne, kamar Mirza Taƙi Khan Amir Kabir, wazirin da aka kashe a Kashan a 1852. A mulkin Reza Shah, wanda ya hau a 1925, aka soke laƙabobin fada aka tilasta sunan dangi. Mosaddeƙ, firaministan 1951 zuwa 1953, daga laƙabinsa na da, Mosaddeƙ-os-Saltane, ya yanko sunansa. Bayan juyin 1979 kuma *barâdar* da *khâhar*, ɗan'uwa da 'yar'uwa, suka cika ofisoshi na wani lokaci, amma ba su iya korar *âqâ* da *khânom* ba.

Wani abin da zai ba ka mamaki: a can ƙololuwar tsanin, jam'i yakan faɗi. Allah ba a yi masa jam'i. *Khodâvand mifarmâyad* ake cewa, aikatau na girmamawa amma ɗafa-ƙeyar tilo, kuma a addu'a *to* ake ce masa, "kai", kamar yadda mu ma ba mu taɓa cewa "Allah sun ce" ba. Manyan mawaƙan da ma haka, *Hâfez mifarmâyad*. Annabi (SAW) kuwa a wa'azin yau *farmudand* ya fi yawa, da *hazrat* a gaban suna, wadda ake sa wa annabawa duka da Nana Maryam. Labaran gwamnati su ma darasi ne in ka kasa kunne: minista, har shugaban ƙasa, yakan sami *vey goft*, tilo ba ado, jagoran addini na ƙasar kuwa *ishân* ne da jam'i. Daga ɗafa-ƙeya kaɗai za ka gane inda iko yake.

Mamaci yana da nasa tsanin, kuma a nan kuskure ya fi zafi. *Mord* "ya mutu" ne, kada ka faɗe shi ga ɗan'uwan wanda ke gabanka, kamar dai yadda muke raba mutu da rasu. *Fowt kardand* shi ne na kullum. Jarida ta ce *dargozasht*. Masu addini su ce *be rahmat-e khodâ raftand*. *Rehlat*, ƙaura, ta Annabi ce da manyan malamai, ita ake faɗa wa rasuwar Khumaini a 1989. Akwai kuma wadda ta rikita ni ranar da na fara jin ta daga bakin matar da muke haya a gidanta, da na tambayi wani tsoho da na daina gani a layinmu: *Omreshun ro dâdan be shomâ*, "sun ba ku sauran kwanansu". Na yi godiya ina murmushi, sai da ta goge ido sannan na gane ta'aziyya ya kamata in yi. A gaban sunan mamaci ana sa *marhum* ko *khodâ-biyâmorz*, "Allah ya gafarta". Marubuta da mawaƙa sukan sami *zende-yâd*, "mai rayayyen ambato", kuma zaɓin da mutum ya yi tsakanin waɗannan yakan nuna maka inda ya karkata.

Wannan matar ce kuma ta koya mini cewa duk kayan nan wuƙa ce mai baki biyu. Ɗanta saurayi ya dawo gida ƙarfe ɗaya na dare, na ji ta daga bene tana cewa *Bah bah, âqâ bel-akhare tashrif âvordan!*, "Madalla, maigida dai a ƙarshe sun kawo daraja!" Jam'i cikakke, *tashrif* cikakke, ba zagi ko ɗaya, amma yaron bai iya ɗaga kai ba. Haka miji da mata da suka saba da *to*, in ɗaya ya koma *shomâ* ko ya fara cewa *ishun* a gaban baƙi da wata irin murya, to akwai magana a ƙasa.

Duk wannan na Iran ne. A Afganistan *sâheb* za ka fi ji a bayan muƙami, *dâktar sâheb*, *ostâd sâheb*. A Tajikistan da maƙwabtanta kuwa *ishân* ta yi tafiyar da ta fi haka nisa: *eshon* ta zama laƙabin shehun ɗariƙa, kamar a ce almajirai sun yi ta cewa "su" har ya zama suna. Kada kuma ka rikita jam'in girmamawa da *Ali inâ* ko *mâmân inâ* na maganar baka. Wannan "su Ali" ne da "su Mama", mutum da jama'arsa.

Shawarata ga wata shida na farko: duk wanda ya girme ka, ko ba ka saba da shi ba, ko ɗan'uwan wanda kake magana da shi ne, ka ba shi *ishun* da *-an* da *-eshun*, ka riƙe su har ƙarshen jimla. Daga manyan kalmomin ka ɗauki huɗu kawai, *befarmâid*, *farmudand*, *arz kardam*, *tashrif*, ka bar su *bandezâde* sai kunnenka ya nuna, don a bakin saurayi baƙo suna fita kamar wasan kwaikwayo. Za ka ji 'yan Tehran suna haɗa *shomâ* da aikatau na tilo, *shomâ gofti*, wata tsaka-tsakiya ce ta wanda aka saba da shi amma ba a kai ga *to* ba. Ka gane ta in ka ji, kada ka yi wa malami. In kuma za ku rabu da wani ya ce *Be pedar salâm beresunid*, a gaida Baba, amsar da za ta sa ya sake dubanka ita ce *Bozorgitun ro miresunam*, "girmanku zan isar".